KaiOS: Amfaninsa Da Illarsa Ga Mutumin Karkara

Laccar da aka gabatar a taron ɗaliban ƙasar Rano da Kibiya, wanda aka yi a Lausu lokacin hutu



An umurce ni in yi magana a kan wayar hannu, to amma ba zan taɓo Android ko iPhone ba sai don kwatance, domin waɗannan suna da masu yi musu kirari da yawa. Zan yi magana ne a kan wata babbar manhaja da ake kira KaiOS, wadda da yawa daga cikinmu sun riƙe ta a hannu ba tare da sun san sunanta ba. Abin da nake nufi da babbar manhaja shi ne tsarin nan da ke cikin waya wanda yake sarrafa kome, watau shi ne kamar maigida, sauran ƙananan manhajoji irin su WhatsApp da Facebook kuwa baƙi ne da suke sauka a gidansa.

Asalin KaiOS daga Firefox OS ne, wanda ƙungiyar Mozilla ta Amurka ta fito da shi a 2013, ta kuma yi watsi da shi bayan 'yan shekaru domin ya kasa karɓuwa. Wasu suka tsinci abin da aka yar, suka gyara shi don ƙananan wayoyi masu madannai, ya bayyana a 2017. A ƙasar Indiya ya fara yin suna, cikin wayar JioPhone. A 2018 kamfanin Google ya zuba masa jarin dala miliyan 22, a 2019 kuma kamfanin MTN ya kawo wa Nijeriya wayarsa mai wannan tsari, a kan kuɗin da bai wuce wajen dala 20 ba.

To, mene ne amfaninsa? Na farko dai araha, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga manomin da sai ya sayar da buhun masara kafin ya sayi waya. Dalilin arahar kuwa shi ne tsarin ba ya bukatar babban inji. Yana iya aiki da ma'adanar da ba ta wuce megabayit 256 ba, alhali Android ko da mafi sauƙinsa ne ya fi haka ci nesa ba kusa ba. Sai kuma batir. Duk wanda ya zauna a ƙauyukanmu ya san irin wahalar wutar lantarki, ya kuma san rumfar mai caji da janareta, inda ake biyan kuɗi kowace rana. Wayar da gilashinta ɗan ƙarami ne tana iya kwana biyu ko fiye ba a kai ta rumfar nan ba. Ga ta da juriya: ta faɗi a gona, a ɗauka a kakkaɓe ƙasa a ci gaba da magana. Dattijon da ya saba da danna lambobi kuma ba sai an koya masa shafa gilashi ba.

Amma babban abin da ya sa jama'a suka saye ta shi ne WhatsApp, wanda ya shigo wayoyin KaiOS baki ɗaya a 2019. Ku dubi muhimmancin wannan a wurinmu. Uwar da ba ta yi karatun boko ba, ɗanta yana ci-rani a Legas ko Fatakwal, ba ta bukatar rubuta kome. Ta danna, ta yi magana da Hausarta, muryarta ta isa gare shi. Ɗan kasuwa ya aika hoton kaya, a daidaita farashi tun kafin ya hau mota zuwa Kano. Waya mai rahusa da take iya wannan, lalle ta cancanci yabo.

Sai dai fa a nan gizo yake saƙa. Manhajojin Android ba sa aiki a kan KaiOS, domin shi nasa ana rubuta su ne da irin yaren da ake gina shafukan intanet. Ke nan sai kowane kamfani ya zauna ya rubuta masa tasa daban, kuma kamfani ba ya yin wannan ɗawainiya sai ya ga masu amfani sun yi yawa, su kuwa masu saye ba sa zuwa sai sun ga manhajoji sun yi yawa. A 2024 WhatsApp ya daina karɓar sababbin masu rajista daga wayoyin KaiOS, a farkon 2025 kuma ya janye gaba ɗaya. Wayar tana nan garau, batirinta lafiya lau, amma abin da aka saye ta dominsa ya tafi, kuma ba a shawarci mai ita ba.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. Waɗanda suka girme mu kaɗan za su tuna da wayoyin Nokia Lumia masu tsarin Windows Phone. Waya ce mai kyau, mai santsin aiki, ga kuma kamfani mai ƙarfi kamar Microsoft a bayanta, amma rashin manhajoji ya kashe ta, aka daina kula da tsarin a ƙarshen 2019. Haka BlackBerry, wadda a wani zamani samarin Kano suke taƙama da ita, aka rufe hidimarta a Janairun 2022. In har dukiyar Microsoft ba ta ceci nata ba, bai kamata mu yi mamakin abin da ya sami ƙaramin kamfani ba.

Akwai wasu illolin da suka shafe mu kai tsaye. Lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, kowa ya ga yadda ciniki ya koma cikin waya. Manhajojin bankuna da na kamfanoni irin su OPay an yi su ne don Android da iPhone. Mai KaiOS sai dai ya koma danna lambobin nan masu tauraro, waɗanda ko tsohuwar waya mai tocila ma tana yi. Ga kuma wahalar rubutu: kafin ka sami harafin "s" guda ɗaya sai ka danna lamba 7 sau huɗu. Ɗalibin da zai cika takardar rajista ta intanet, ko ya karanta littafin da malami ya turo, ko ma'aikacin da zai duba wasiƙar ofis, zai sha wuya a kan gilashin da bai kai tafin hannu ba. Daɗin daɗawa, wayoyin Android masu sauƙin kuɗi irin na itel da Tecno sun cika kasuwar Farm Centre, har da waɗanda aka yi amfani da su, ga masu gyara da kayan gyara ko'ina, abin da ya rage wa KaiOS fifikon da yake da shi na araha.

Ra'ayina ke nan: ga dattijo ko mai aikin gona da yake son kira da rediyo da batir mai daɗewa, wayar tana da wurinta har yanzu. Ga ɗalibi da ma'aikaci kuwa, ba ta wuce waya ta biyu ba. Kuma tun da mu ne ake aika wa kasuwa, mu ne ake tambaya a gida wace za a saya, wajibi ne kafin mu karɓi kuɗin iyayenmu mu tambaye su abin da suke so wayar ta yi musu, sa'an nan mu sa mai shago ya kunna ta a gabanmu, ya nuna mana cewa abin nan yana aiki a cikinta a yau.