Yadda Ake Tsara Ƙungiyar Ƙera Mutum-mutumi a Sakandaren Amurka

Gasar ƙera mutum-mutumi da ta fi suna a makarantun sakandaren Amurka ita ce ta FIRST, cibiyar da Dean Kamen ya kafa a shekarar 1989 a birnin Manchester na jihar New Hampshire. Da aka yi karon farko a 1992, ƙungiyoyi 28 ne suka fafata a zauren wasannin wata makaranta. Yau sun haura dubu uku, har da na Kanada da Turkiyya da Brazil. Kalmar mutum-mutumi na iya ruɗar mai sauraro, domin abin da yaran ke ƙerawa bai yi kama da mutum ba. Ya fi kusa da ƙaramar amalanke mai tayoyi da hannun ɗaukar kaya, nauyinsa ya ɗan haura kilo hamsin.

Ƙurewar lokaci ita ce ta haifar da tsarin ƙungiyar. A farkon watan Janairu ake bayyana wasan shekara, kuma kowace shekara sabo ne: bana jefa ƙwallo a raga, baɗi rataye wani abu ko hawa sandar ƙarfe. Daga ranar, abin da ƙungiya ke da shi bai wuce mako shida zuwa takwas ba kafin a shiga fili. A da ma akwai ranar da ake tilasta wa kowa ya ajiye sifana, a rufe na'urar cikin babbar leda a sa mata hatimi, sai a 2020 aka soke wannan doka. Yara talatin ko hamsin ba za su taru a kan inji guda ba, dole a raba aiki.

Akan soma da masu zane, waɗanda ke fitar da siffar kowane ƙarfe a kwamfuta kafin a yanka shi. Daga nan sai maƙera, masu yanka da huda da ɗaure noti. Masu lantarki ke shimfiɗa wayoyi daga batir mai bolt 12 zuwa kowane moto. Masu manhaja kuwa su ne 'yan rabon ƙarshe. Ba sa samun na'urar sai kowa ya gama da ita, sau da yawa saura kwana biyu ko uku, amma idan ta ƙi motsi a fili su ake fara harara. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka goge kan ƙera ƙaramar na'urar gwaji tun makon farko su miƙa musu. Kowane sashe na da shugaba ɗalibi, a samansu kuma akwai kyaftin ɗaya ko biyu.

Akwai ɓangaren da baƙo ba ya lura da shi, wato na kuɗi da hulɗa da jama'a. Rajista kaɗai takan kai dala dubu shida, ban da kayan aiki da mota da masauki. Ɗaliban wannan sashe ke rubuta wa kamfanoni wasiƙar neman tallafi, su tsara kasafi, su zaga makarantun firamare suna nuna na'urar. Lambar yabo mafi girma a FIRST, wadda a da ake kira Chairman's Award yanzu kuma Impact Award, ba a bayar da ita don ƙarfin inji. Ana duba abin da ƙungiya ta yi wa al'ummarta ne.

Ranar gasa tsarin kan sauya. Kowace ƙungiya na samun rumfa mai faɗin kimanin mita uku a kowane gefe, kuma ba a shiga wurin sai da tabarau na kariya. A nan masu gyara ke jira, na'ura ta dawo da lanƙwasasshen hannu, saura minti ashirin a sake kiran lambarsu. Yaro guda aikinsa batir ne kawai: ya san wanda ya cika, wanda ke caji, da wanda ya fara gajiya. Ba a ganinsa a hoto, amma ranar da ya yi sakaci na'urar za ta tsaya cak a tsakiyar fili.

A bakin fili akwai direba da mai sarrafa hannun na'ura, da koci a bayansu, da wani mai miƙa kayan wasa. Wasa bai kai minti uku ba. A daƙiƙun farko na'urar ke tafiya da kanta bisa umarnin da aka rubuta mata, sannan direbobi su karɓa. Ba a kuma yin wasan ɗaya da ɗaya. Ƙungiyoyi uku-uku ke ƙawance, ƙawance mai launin ja ya kara da mai launin shuɗi, kuma abokin ƙawancen safe na iya zama abokin hamayya da la'asar.

Wannan ne ya sa masu sa ido suka zama ƙashin bayan ƙungiya. Suna zaune a kujerun 'yan kallo, kowa an ba shi na'ura guda ta wata makaranta yana ƙirga makinta, yana rubuta ko ta lalace. Bayan wasannin share fage, ƙungiyoyi takwas da ke kan gaba su ke zaɓar abokan da za su shiga zagayen ƙarshe da su. Kyaftin da ya fito ba shi da wannan lissafi, da ka zai yi zaɓe, kuma na'ura mai ƙyalli ba lallai ta zama mai cin maki ba.

Sai batun manya. Kowace ƙungiya na da malami da ke riƙe da ita, da injiniyoyi da iyaye 'yan sa-kai. Dokar FIRST ba ta hana babba sa hannu a ƙira ba, kuma an daɗe ana muhawara a kan iyakar hakan. Wasu na ganin yaro ya fi koyo idan yana aiki kafaɗa da kafaɗa da gwani. Wasu na cewa in injiniya ya riƙe sifana, yaro ya koma ɗan kallo. Farfesa Woodie Flowers na jami'ar MIT, wanda ya yi aiki da Kamen tun farko ya kuma rasu a 2019, ya fi damuwa da ɗabi'a: a yi hamayya da gaske, amma a mutunta abokin karawa. Har yau ana jin sanarwa a lasifika cewa ƙungiya kaza na neman moto, kuma wadda za ta kara da ita an jima ce kan kawo mata.

Babbar matsalar kowace ƙungiya ita ce sakandaren Amurka shekara huɗu ce. Duk bazara waɗanda suka fi ƙwarewa ke tafiya da abin da ke kansu. Ƙungiyoyin da suka daɗe sukan mayar da watannin Satumba zuwa Disamba lokacin koyar da sababbi, su haɗa ɗan aji ɗaya da ɗan ajin ƙarshe a kan aiki guda, su kuma rubuta duk abin da ya lalace da dalilinsa. Lambar da FIRST ta ba ƙungiya ranar rajista ba ta sauyawa, ko da duk waɗanda suka fara ɗaukarta sun daɗe da barin makarantar.