Rajistar Masu Fyaɗe da Tsaron 'Ya'yanmu



Maganar da aka ɗora mana yau magana ce mai nauyi a baki, wadda a gidajenmu ba a cika son ambatonta ba. Amma tun da majalisun ƙasarmu sun zauna sun yi doka a kanta, wajibi ne ɗalibin jami'a ya san abin da dokar ta ce, ya kuma auna ko za ta kai mu inda ake nufi. Maganar kuwa ita ce ta rajistar masu fyaɗe, watau kundin da hukuma ke rubuta sunan duk wanda kotu ta kama da laifin fyaɗe ko lalata da yara, domin jama'a su san shi su yi hattara.

Bari mu fara da asalin abin. A shekarar 2015 Majalisar Tarayya ta zartar da dokar hana cin zarafin jama'a, wadda ta ce lalle a buɗe irin wannan kundi, kowa kuma ya sami ikon dubawa. Sai a watan Nuwamba na 2019 hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ta buɗe shi. A tsakiyar 2020, bayan kisan gillar da aka yi wa wasu ɗalibai mata a Benin da Ibadan, gwamnonin jihohi suka kafa dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Cikin wannan zafi ne Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta gyara dokar laifuffuka ta 2017, Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sa hannu a watan Satumba na 2020. A da, wanda ya yi wa yaro fyaɗe ɗaurin rai da rai ne hukuncinsa. Gyaran ya ce in yaron bai kai shekara 14 ba, a dandaƙe mai laifin, sa'an nan a kashe shi. In mace ce ta aikata, a yanke mata hanyar haihuwa, ita ma a kashe ta. Har ila yau kotu za ta sa a shigar da sunansa cikin rajista, Antoni Janar na jiha ya buga a kafofin labarai.

Wannan doka ta raba kan masana. Masu goyon baya suka ce wanda ya ɓata rayuwar yarinya 'yar shekara biyar bai cancanci sassauci ba, kuma tsoron tonon silili zai hana wasu. Masu suka, cikinsu har da Michelle Bachelet wadda a lokacin ita ce shugabar hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka ce dandaƙa azabtarwa ce, kuma abin da ke hana laifi shi ne mutum ya tabbata za a kama shi a hukunta shi, ko da hukuncin bai kai kisa ba.

Mu dai abin da muka lura shi ne, gardamar duka a kan ƙarshen hanya take, alhali kuwa yawancin ƙararraki ba sa ko kama hanyar. Ba wanda sunansa ke shiga rajista a matsayin mai laifi sai wanda kotu ta yanke wa hukunci. Binciken da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa cikin 'yan mata huɗu ɗaya, cikin yara maza goma ɗaya, an ci zarafinsu ta wannan hanya kafin su cika shekara 18, kuma 'yan ƙalilan ne ƙwarai suka sami wani taimako. To, ina sunayen waɗanda suka aikata?

Amsar tana cikin unguwanninmu, daga Samaru har Sabon Gari. Mai lalata da yaro ba kasafai yake zama baƙo ba. Sau da yawa maƙwabci ne, ko mai shagon da ake aiken yarinya, ko malamin da ke zuwa gida koyarwa, ko ɗan'uwa na jini. Da abin ya fito, sai manya su taru a zaure a ce a rufa asiri don kada yarinya ta rasa mijin aure. A ba da kuɗin magani, a ba juna haƙuri, mai laifi ya tashi ya koma wata unguwa. A nan ne tsananin hukunci zai iya komawa kan yaron da aka so karewa, gama uwar da ta san ƙarar da za ta kai ita ce za ta sa a kashe ƙanen mijinta, da wuya ta taka ofishin 'yan sanda.

Daɗin daɗawa, gyaran na 2020 ya ce sai da rahoton likita za a tabbatar da laifin. Rahoton likita kuwa ba ya jiran a gama shawara a zaure. In aka yi wa yarinya wanka, aka wanke tufafinta, aka kwana uku ana kai-kawo, shaida ta tafi, haka kuma maganin rigakafin cutar ƙanjamau, wanda sai cikin awa 72 yake amfani. Akwai Cibiyar Salama a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, wadda aka buɗe musamman don irin waɗannan marasa lafiya. Mutum nawa ne cikin zauren nan suka san da ita kafin yau?

Saura batun bugawa a jarida. A nan ya kamata mu dubi waɗanda suka riga mu. Amurka ta zaɓi bayyanawa ga kowa tun dokarta ta 1996. Ingila ta buɗe nata kundin a 1997, amma ta bar shi hannun 'yan sanda, daga baya ta ba iyaye damar tambaya game da mutumin da ke kusantar ɗansu. Da wata jarida a can ta shiga buga sunaye da hotuna a shekarar 2000, sai jama'a suka far wa gidaje, har da na waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Mu da muka san yadda ihun "ɓarawo!" ke ƙarewa a kasuwa, kuma mutum ɗari kan amsa suna ɗaya a gari ɗaya, ya dace mu yi tunani. A ganinmu babban amfanin rajista yana bakin ƙofar ɗaukar aiki, inda za ta hana kura komawa cikin garke.

Saboda haka muna roƙon wakilanmu a majalisa abu uku. Na farko, a wajabta wa kowace makaranta, ta gwamnati ko ta kuɗi, ta boko ko Islamiyya, da gidajen marayu, su duba rajista kafin su ɗauki malami ko mai gadi ko direba. Na biyu, a hukunta duk mai riƙe da amanar jama'a da ya kashe irin wannan magana da sunan sulhu. Na uku, a kawo irin Cibiyar Salama kusa da mutanen Samaru da Sabon Gari, a kuma ɗauke wa iyaye kuɗin bin shari'a.

Mu ma ɗalibai da namu rabon. Masu karatun shari'a a Kongo su ne lauyoyi da alƙalan gobe. Masu koyon likita a Shika su ne za su rubuta rahoton da shari'a ta dogara a kansa. Masu karatun malanta kuwa su ne za su fara ganin yarinyar da ta daina magana a aji. Kowannenmu kuma yana da ƙanne a gida. In yaro ya zo da magana, mu saurare shi, mu kai shi asibiti a ranar, kada mu bari a shige da maganar zaure.

Allah ya tsare mana zuriya.