Kiwon kaji: kazar da ke yin shuɗin ƙwai

Zancenmu na yau a kan kiwon kaji ne. Ku matso kusa, ku kasa kunne.

Kowa ya san farin ƙwai. Kowa ya san ƙwai mai launin ƙasa-ƙasa. To, akwai kazar da ke yin ƙwai shuɗi, kamar sararin sama da hantsi. Ba rini ba ne, ba a tsoma shi cikin baba ba. Haka take saka shi.

Ina ne asalin wannan kaza? Wadda aka fi sani ta fito ne daga ƙasar Shili, can Amurka ta Kudu, wurin mutanen da ake kira Mapuce. Sunanta Arokana. A shekarar 1921, wani masanin kaji ɗan ƙasar Sipaniya mai suna Salvador Castelló ya ba da labarinta a babban taron masu kiwon kaji na duniya da aka yi a ƙasar Holan. Daga nan iri ya bazu. A Ingila aka haɗa jininta da na wasu kaji, aka samu wadda ake kira Legbar. A Amurka aka samu Amerokana, wadda ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasar ta amince da ita a 1984. A ƙasar Sin ma akwai nasu kajin masu shuɗin ƙwai, irinsu dabam.

Mene ne ke sa ɓawon ya yi shuɗi? Wani launi ne na cikin jiki, irin wanda ke cikin matsarmama. Shi ke shiga ɓawon tun ana gina shi a cikin kaza. Ga yadda za ku gane. Ku fasa ƙwai mai launin ƙasa-ƙasa, ku duba cikin ɓawon, za ku tarar fari ne, don launin a baya kaɗai aka shafa shi. Amma shuɗin ƙwai, ciki da waje duk shuɗi ne. In kuwa kaza ta gaji shuɗi ta kuma gaji ƙasa-ƙasa, sai launin biyu su haɗu, ƙwanta ya fito tsanwa.

Yanzu ga babbar maganar yau: launin ƙwai gado ne. Ba abinci ke kawo shi ba, ba magani ke kawo shi ba. Tun 1933 wani malami a Ingila mai suna Punnett ya nuna yadda ake gadonsa. A 2013 kuma masu bincike a Sin da Ingila suka gano ainihin wurin da wannan gado yake a cikin halittar kaza.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare ku. Ku dubi jar akuya ta Maraɗi. Ba ciyawa ta mai da ita ja ba. Masu kiwo ne suka riƙa zaɓen jan bunsuru da jar akuya, shekara da shekaru, har iri ya tsaya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka abin yake ga kaji.

Kowane ɗan tsako yana ɗaukar kashi ɗaya daga uwa, kashi ɗaya daga uba. Shuɗi yana rinjayar fari, saboda haka kashi ɗaya ya isa kaza ta yi shuɗin ƙwai. Zakara ba ya ƙwai, amma yana ɗauke da gadon, yana ba ƴaƴansa. Ga lissafin. In zakara ya gaji shuɗi daga uwa da uba duka, aka haɗa shi da kaji masu farin ƙwai, duk ƴaƴansa mata za su yi shuɗi. In kashi ɗaya gare shi, wajen rabinsu ne za su yi. In zakara da kaza kowa kashi ɗaya gare shi, uku cikin huɗu za su yi shuɗi, ɗaya ta koma fari.

Ku lura da kyau: zakara ba ya sake launin ƙwan kazar da ya bi. Mai farin ƙwai fari za ta ci gaba da yi. Sai ga ƴaƴanta za a ga canji. Saboda haka aikin yana son haƙuri. Kwanci kwana 21 ne, sannan ƴar tsakuwa sai ta kai wata 5 ko 6 kafin ta fara ƙwai. Wanda ya iya rubutu, ya sa wa kowane ƙwai alama, ya rubuta uwa da uba da ranar kwanci. Abin da kai ya manta, takarda ba ta mantawa.

Bayan launi, masu wannan kiwo suna neman siffa. Nan ne haɗari yake. Arokana irin ta Amurka ba ta da wutsiya, kuma tana da tukkun gashi a gefen kowane kunne. Abin sha'awa ne ga ido. Amma gadon wannan tukku yana tafe da mutuwa. In aka haɗa zakara mai tukku da kaza mai tukku, wajen ɗaya cikin huɗu na ƴan tsakin za su mutu a cikin ƙwai, ba su fasa ɓawo ba. Dabarar ita ce a haɗa mai tukku da marar tukku. Asara za ta ragu ƙwarai, kuma za a samu masu tukku a cikin ƴaƴan. Rashin wutsiya shi ma yakan sa ƙwai da dama su zama marasa ɗa. Ita Amerokana tana da wutsiya da gemu, ba ta da wannan larura.

Kada kuma son launi ya sa ku bar zakara ɗaya yana bin ƴaƴansa da jikokinsa. Iri zai lalace, ƴan tsaki su yi ta fitowa raunana. Ku riƙa sake zakara. Ɗaya ya isa kaji 10.

In wata rana aka kawo muku shuɗin ƙwai aka ce magani ne, ko ya fi sauran gina jiki, kada ku yarda. An auna, an gani: farin ruwan da gwaiduwar duk ɗaya ne da na sauran ƙwai. Abin da kaza ta ci shi ke gyara gwaiduwa, ba launin ɓawo ba. Ƙwan kazarku ta gida ya isa ya ciyar da yaranku. Haka nan kada ku sayi kaza da tsada bisa faɗar mai sayarwa, sai kun ga ƙwanta da idonku. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Kiwonta kuwa bai bambanta da na sauran kaji ba. Baƙuwar kaza, ku ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin naku, kada ta kawo muku cuta. Ƙwan kwanci kada ya wuce mako ɗaya a ajiye, ku sa shi wuri mai sanyi, ku ba uwa kamar 10. Ƴan tsaki ku kife su da kwando a inuwa saboda shirwa. Ku ba su tsakin gero ko na dawa, da dusa, da gara, da ɗan tunkuza, da ruwa mai tsabta kullum. Masu ƙwai ku ƙara musu ƙonannen ƙashi dakakke, don ɓawo ya yi ƙarfi. Kafin ɗari ya shigo, ku nemi likitan bisashe ya yi musu rigakafin annobar kaji da ake kira Niyukasal. Ita ba ta duba launi, in ta shiga gida sai ta share akurki.

To jama'a, bari mu maimaita. Na ɗaya, launin ƙwai gado ne daga uwa da uba. Na biyu, kada a haɗa mai tukku da mai tukku. Na uku, shuɗin ƙwai bai fi fari amfani ba. Na huɗu, wajen zaɓen iri ku fara duba lafiya, da yawan ƙwai, da iya renon ƴan tsaki, sannan launi ya biyo baya.

Ku tattauna wannan magana tsakaninku, ku isar da ita ga waɗanda ba su ji ba. Sai mako mai zuwa. Ku huta lafiya.