Ga Wa Muke Kai Kukanmu?

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Ƙidaya sura 11, za mu kuma leƙa wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa sura 4. Maganarmu a kan gunaguni ce da wadar zuci.

'Yan'uwa, ba za mu ce babu wahala ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a shekarar 2023, kuɗin mota da kuɗin mudun hatsi sun wahalar da gidaje da yawa. Manomi yana kukan tsadar taki, iyaye suna kukan kuɗin makaranta. Allah bai hana mu kuka ba. Abin da yake dubawa shi ne inda muke kai kukan.

A sura ta 11 mun ga Isra'ilawa a jeji. Kowace safiya, ban da ranar Asabar, manna tana kwance kewaye da zango. Sukan tara ta, su niƙa a dutse ko su daka a turmi, su dafa a tukunya, su yi waina. Ba su yi huɗa ba, ba su yi shuka ba, amma ba wanda ya kwana da yunwa. Sai waɗansu baƙi da suka biyo su daga Masar suka fara kwaɗayin nama. Kafin a jima, kowane gida yana kuka a ƙofar alfarwarsa. Haka gunaguni yake, kamar wutar daji a lokacin rani. Mutum ɗaya ne yake ƙyasta ta, amma gonar kowa take ci.

Ku lura da abin da suka tuna. Sun tuna da kifin Masar, da kankana, da albasa, da tafarnuwa. Har suka ce kyauta suke cin kifin. Kyauta? Sun manta da bulalar shugabannin gandu. Sun manta da ranar da Fir'auna ya hana su ciyawar yin tubali, ya kuma ce kada yawan tubalin ya ragu. Sun manta da umarnin a jefa jariransu maza a Kogin Nilu. Mai gunaguni yakan tuna da albasar jiya, ya manta da sarƙar jiya. Yakan kuma raina abincin da yake hannunsa yau.

To, a cikin wannan sura akwai wani mutum da shi ma ya yi kuka, wato Musa. Maganarsa ma ta fi ta jama'a zafi. Ya tambayi Ubangiji ko shi ne ya haifi wannan taro da za a ɗora masa su. Ya ce nauyin ya fi ƙarfinsa, gara ma a ɗauki ransa. Me Allah ya yi masa? Bai hukunta shi ba. Ya ce ya tara dattawa saba'in, ya sa musu daga cikin Ruhun da yake kan Musa, domin su ɗauki kayan tare da shi.

Jama'a kuwa sun sami naman da suke so. Iska ta koro makware daga teku, suka tara ba iyaka. Amma naman yana bakinsu annoba ta auka musu. Aka sa wa wurin suna Kibrot-hatawa, ma'ana kaburburan kwaɗayi. Gaskiyar Bahaushe da ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Mene ne bambancin? Musa ya kai kukansa gaban Allah, jama'a kuwa suka zauna suna maganar Allah a bayan idonsa. Mai kuka ga Allah yana nan da bangaskiya, gama ba ka kai ƙara wurin wanda ba ka sa rai zai ji ka. Mai gunaguni ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa cewa Allah ba mai alheri ba ne. Shi ya sa Zabura take cike da kuka, amma ba a kira ta littafin gunaguni ba.

Yanzu bari mu juya ga Bulus. Yana ɗaure sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa. Wannan mutum ne da aka yi wa bulala talatin da tara har sau biyar, jirgin ruwa kuma ya fashe da shi sau uku, kamar yadda ya lissafta a 2 Korantiyawa sura 11. Duk da haka ya shaida musu yana da wadar zuci, ko da ƙoshi ko da yunwa. Ya kuma ce koya ya yi. Ba a haifi kowa da wadar zuci ba. Makaranta ce, darussanta kuwa su ne kwanakin rashi da kwanakin samu. Asirin ba taurin zuciyar Bulus ba ne. Ya ce Almasihu ne yake ƙarfafa shi.

Kada wani ya ɗauka wadar zuci ita ce a yi shiru a kan zalunci. A garin Filibi ɗin nan ne aka yi wa Bulus da Sila dūka, aka sa ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare suna addu'a suna raira waƙa ga Allah. Amma da gari ya waye, aka ce su tafi a ɓoye, Bulus ya ƙi. Ya ce su 'yan ƙasar Roma ne, an doke su ba shari'a, sai mahukunta sun zo da kansu sun fitar da su. Ya yi waƙa da dare, ya nemi hakkinsa da safe, ba tare da ɗacin rai ba.

Haka kuma a Ayyukan Manzanni sura 6, ƙorafi ya tashi cewa ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a yi haƙuri kawai ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, aka gyara rabon. Mu fa? Sau nawa muke fitowa daga sujada, mu tsaya a gindin bishiya muna yanka fasto da dattawa, amma ranar taron ikkilisiya bakinmu ya mutu? In akwai gyara, mu kai wa wanda zai iya gyarawa.

Ga abu uku da za mu gwada a wannan mako. Na fari, kafin mu faɗa wa maƙwabci damuwarmu, mu fara faɗa wa Allah. Na biyu, a addu'ar gida da dare, kowa ya ambaci abu ɗaya da Ubangiji ya ba shi a ranar, ko da tuwo ne da miyar kuka. 'Ya'yanmu suna jinmu, abin da suka ji a bakinmu shi za su gāda. Na uku, mu da muke da hatsi a rumbu, kada mu yi wa mayunwaci wa'azin wadar zuci da hannu wofi. Filibiyawa ba gaisuwa kaɗai suka aika wa Bulus ba, sun aiki Abafaroditus da gudummawa. Wataƙila mannar ɗan'uwanka tana cikin rumbunka.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, ka san nauyin da kowane gida yake ɗauke da shi. Ka koya mana mu kawo kukanmu gare ka. Ka buɗe idanunmu mu ga abin da ka riga ka ba mu, ka buɗe hannuwanmu ga waɗanda ba su da shi. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.