Jawabi Kan Kula da Karnuka da Kyanwoyin da Ba Su da Iyayengiji



Babu wani gari a ƙasar nan, tun daga Legas har zuwa Maiduguri, da za a shiga a rasa karnuka da kyanwoyi suna gararamba a bakin kasuwa, ko bayan kwata, ko kan juji. Galibinsu ba a daji aka haife su ba. Wani maigidansa ne ya yi ƙaura ya bar shi, wani kuwa tun yana ɗan kwikwiyo aka kai shi bayan gari aka yar, don karya ta haifi fiye da abin da gida zai iya ciyarwa. Tun da yake mutane ne suka jawo wannan hali, su ne kuma ya wajaba su gyara shi. Makasudin wannan jawabi shi ne a bayyana yadda jama'ar unguwa za su ji ƙan dabbobin nan, su kuma tsare lafiyar 'ya'yansu, gama abubuwan biyu tafiyarsu ɗaya.

Abin da addini da doka suka ce

A cikin ingantattun hadisai na Buhari da Muslim an ba da labarin wani mutum da Allah Ya gafarta masa saboda ya ɗebo ruwa daga rijiya ya shayar da kare mai jin ƙishirwa, da kuma labarin wata mace da aka yi wa azaba don ta tsare kyanwa, ba ci ba sha, har ta mutu. Littafi Mai Tsarki kuma, a Karin Magana sura ta 12, ya lissafta kula da ran dabba cikin halayen adali. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 207 na Final Kod da aka fara aiki da ita a Arewa a 1960, da sashe na 495 na Kiriminal Kod, duk sun mai da zaluntar dabba laifi. Saboda haka jifan kare don wasa, ko watsa wa kyanwa tafasasshen ruwa, ba ƙiriniyar yara ba ce da za a kau da kai a kanta.

Haukan kare

Babban haɗarin da ke tattare da dabbar da ba ta da mai kula da ita shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jikin mutum ta wurin cizo, ko yakushi, ko lasar rauni, sa'an nan ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci sai bayan wata 2 ko 3 alamu ke bayyana, ko da yake yakan yiwu su fito cikin mako guda, ko su yi jinkiri har shekara. Da zarar sun bayyana kuwa, da ƙyar ne wani ke tsira.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon nan yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Daga kare ake ɗaukarsa har kashi 99 cikin 100, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda ke rasuwa yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kyanwa ma takan kamu, takan kuma sa wa mutum.

Ba kowane mahaukacin kare ke zabura yana cizo ba. Wani sai ya lafe a lungu, haɓarsa ta saki, yawu na dalala, har mai tausayi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa a wuya. Kada kowa ya kuskura ya sa hannu a bakin irin wannan kare.

Me ya sa kisa ba ya magani?

Sau da yawa in kare ya ciji yaro sai samari su ɗauki sanduna, ko a zuba guba a nama. An gwada wannan a ƙasashe dabam-dabam, bai kawar da cutar ba. Dalili kuwa shi ne, muddin jujin da ke ciyar da karnuka yana nan, in an kashe goma, waɗansu baƙi za su zo su maye gurbinsu. Gubar kuma ba ta san kare ba, takan kashe kaji da awaki da ungulaye, wani lokaci har ta kai ga yaro.

Abin da masana suka tabbatar shi ne, in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allurar rigakafi, aka kuma dinga maimaitawa, cutar takan daina yaɗuwa. Watau karen unguwa da aka yi wa allura garkuwa ne ga yaran unguwar.

Yadda za a taimaka

Na farko, ruwa da abinci. A ajiye kasko da ruwa mai tsabta a inuwa, musamman da bazara. A ba su abinci a wuri guda, a lokaci guda, nesa da makaranta da masallaci da coci da wurin wasan yara, a kuma kwashe ragowar kafin dare don kada ta tara ɓeraye. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare da na kyanwa, dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsage ya huda hanji. Kada a ba su maganin mutane, gama farasitamol yana kashe kyanwa. Dabbar da ta saba da mai ciyar da ita tana da sauƙin kamawa ranar allura, wannan kuwa shi ne babban amfanin ciyarwa.

Na biyu, allura. Ana fara yi wa ɗan kwikwiyo da ɗan kyanwa suna da wata 3, a kuma sake kowace shekara. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu harhaɗa wannan allura. Ana iya neman taimako a asibitocin dabbobi na jihohi, da na jami'o'i kamar na Zariya da Ibadan da Nsukka da Maiduguri da Sakkwato. Kamata ya yi mai unguwa ya tara jama'a, a yi karo-karo, a gayyato malamin dabbobi, a kuma adana takardar shaidar kowace dabba.

Na uku, rage haihuwa. Cikin karya da na kyanwa wajen kwana 63 ne kawai. Karya takan haihu har sau 2 a shekara, kyanwa kuwa har sau 3. Likitan dabbobi yana iya dandaƙe namiji, ya kuma yi wa mace aikin da zai tsai da haihuwa. Wannan ya fi kai 'ya'ya bayan gari a yar.

Na huɗu, ba su gida. Wanda ke da hali ya ɗauki ɗaya, bayan likita ya duba ta, ya ba ta maganin tsutsa da na kaska. Kare yana gadi, kyanwa kuwa tana korar ɓeraye. Ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu.

Idan an yi cizo

Nan take a wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Sa'an nan a garzaya asibiti a ranar, kome ƙanƙantar raunin, a karɓi alluran da likita ya tsara, a kuma cika su duka. Kada a tsaya ɗaura ganye ko gashin kare. In dabbar tana kamuwa ba tare da haɗari ba, a tsare ta kwana 10 a hannun malamin dabbobi, amma kada a jira ƙarshen kwanakin kafin a fara allura. A koya wa yara kada su taɓa dabbar da ke cin abinci, ko barci, ko shayar da 'ya'ya, kuma su faɗa wa iyaye ko da yakushi ne, ba tare da tsoron bulala ba. Yaron da ya ɓoye cizo shi ne ke cikin haɗari mafi girma.

Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya fara ceton ran wani yaro da wannan allura. Ranar 28 ga Satumba, watau ranar da ya rasu, ita aka keɓe tun 2007 don tunawa da yaƙi da cutar, kuma ƙasashen duniya sun sa 2030 ta zama shekarar da ba za a ƙara rasa rai ta dalilin cizon kare ba. Nijeriya ba za ta kai ga wannan ba sai kowace unguwa ta ɗauki nata rabon aikin, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba da ikon aikatawa, Ya tsare jama'a da dabbobinsu. Wassalam.