Saƙon Waya Da Ke Sa Mai Saye Ya Motsa

 

Mu nan Kura da Bunkure Allah ya hore mana ruwa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ke gangarowa gonakin yankin Kadawa, ana noma rani da damina. Muna sayen shanshera mu turara, muna yanka tumatir mu shanya kauɗa. Kaya kam akwai. Inda muke shan wuya shi ne sayarwa a kan lokaci. Kin karɓi rance daga akwatin ƙungiya, kin turara shinkafa, ranar biya ta matso, buhu yana jingine a ɗaki. To yau za mu ga yadda wayar hannunki za ta fitar da buhun nan.

Da yawanmu mukan tura wa mai saye cewa: "Salam Hajiya, akwai shinkafa." Hajiya ta karanta, ta ce madalla, ta ajiye waya. Ba laifinta ba ne, ai ba ki ce ta yi komai ba. Manyan kamfanoni da ke tura wa dubban mutane talla ta imel sun san wannan. Shi ya sa suke sa wuri ɗaya a saƙon da za a taɓa a saya nan take. Mu ma haka za mu yi, da tes ko WhatsApp.

Abu huɗu za ki sa a saƙonki. Na ɗaya, wace ce ke, daga ina. Na biyu, wane kaya ne, nawa ya rage, nawa ne kuɗin kwano ko buhu. Na uku, zuwa yaushe. Na huɗu, abu guda da kike so ta yi. Ku ji misali:

"Salam Hajiya, mai shinkafarki ce ta Kura. Na gyara sabuwa, ba tsakuwa, buhu biyu ya rage, kwano naira kaza. Mota za ta shiga Kano ranar Asabar. In kina so, turo min yawan kwanon kafin Juma'a da la'asar."

Kun ga? Ta san kaya, ta san kuɗi, ta san rana, ta san abin yi. Kada ki ce ta kira, ta zo gida, kuma ta gaya wa maƙwabta duk a saƙo ɗaya. In buƙata ta yi yawa, ba wadda za a biya.

Ki taƙaita. Tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, in ya wuce sai a ci kuɗin biyu. Wadda ba ta rubutu ta yi saƙon murya, kada ya wuce rabin minti, ko 'yarki ta rubuta miki ki sa ta karanta ki ji.

Sai gargaɗi. Kada ki ce buhu biyu ya rage alhali goma ne. Ranar da Hajiya ta gano, ta daina yarda da ke. Ki tura wa wanda ya ba ki lambarsa da kansa, ba da tsakar dare ba, kuma ba kullum ba. Wanda ya ce ki daina, ki daina. In an ce an turo kuɗi, kada ki saki kaya don kin ga alat. Duba asusunki tukuna, don akwai alat na bogi.

Yanzu kowacce ta juya ga ta kusa da ita, ta faɗa mata saƙonta da baki. Ke mai sauraro, in ba ki ji abin da ake so ki yi ba, ki ce ta sake. A zama na gaba kowacce ta zo mana da lissafi: mutum nawa ta tura wa, nawa suka amsa, nawa suka saya. Sakatariya za ta rubuta.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu ikon biyan rance a kan lokaci.