Sukari, Hawan Jini da Kunnuwanmu: Jawabi ga Matan Kankiya da Kusada



Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na mazaɓu da duk 'yar uwar da saƙon nan ya iso wa, daga Rimaye da Kafin Soli har Yashe da Mawashi, barkanmu da war haka. Yau a ba ni aron kunnuwa, domin maganar tawa a kan kunnuwan ne.

Kowaccenmu ta san wata a gida ko a unguwa da sai an maimaita mata magana sau biyu, sau uku. Ka gaishe ta, ta amsa da wani abin daban. A wurin biki ko suna, in hayaniya ta yi yawa, sai ta koma gefe ta yi shiru. Mu kuma me muke cewa? "Hajiya ta fara rikicin tsufa." Ko kuma, "Tana ji sarai, abin da ta ga dama take amsawa." Wallahi sau da yawa zalunci muke yi ba mu sani ba. Baiwar Allah ba ta ji ne, kuma kunya ta hana ta faɗa.

Tsufa yana rage ji, wannan gaskiya ne. Amma mace 'yar shekara 45 ko 50 ai ba ta tsufa ba. In ji ya fara raguwa a wannan shekarun, akwai tambayar da ya kamata a yi: ya sukarinta, ya jininta?

Ga yadda abin yake. A bayan dodon kunne, can ciki, akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. A cikinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne. Su ne ke karɓar sauti su miƙa wa jijiyar ji, ita kuma ta kai wa ƙwaƙwalwa. Abincinsu jini ne, ta wasu hanyoyin jini sirara ƙwarai. Sukari in ya daɗe da yawa a jini yana lalata irin waɗannan siraran hanyoyi da jijiyoyi. Haka yake yi wa ido, da ƙoda, da tafin ƙafa, kuma likitoci na ganin haka yake yi wa kunne. Hawan jini da yawan kitse a jini su ma suna taurara hanyoyin jini su ƙuntata su. Abin da nake so ku riƙe shi ne: waɗannan ƙwayoyin in sun mutu ba sa sake tsirowa. Shi ya sa rigakafi ya fi magani a nan.

A shekarar 2008 an wallafa wani babban bincike a Amurka, wanda ya duba dubban manya, aka gano cewa raunin ji ya ninka kusan sau biyu a masu ciwon sukari idan aka kwatanta da marasa shi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce ko waɗanda sukarinsu ya fara hawa bai kai ga zama ciwo ba, raunin ji ya fi yawa a cikinsu da kashi 30 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce mutum miliyan 430 ne a duniya ke da raunin jin da ke buƙatar kulawa. Kun ga ke nan ba ke kaɗai ba ce, kuma ba abin kunya ba ne.

Ciwon sukari ba ya cika zuwa shi kaɗai. Abokan tafiyarsa su ne hawan jini, da teɓa, da kitse a jini. Ga lambobi uku, kowacce ta rubuta ta ajiye.

Na ɗaya, awon jini. In ana yawan samun 140 bisa 90 ko sama da haka, hawan jini ne, ko da ba kya jin ciwon kai ko jiri.

Na biyu, awon sukari da safe kafin a karya, bayan awa 8 ba a ci komai ba. In ya kai 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, kuma aka maimaita wata rana aka sake samun haka, ciwon sukari ne. Tsakanin 100 da 125 gargaɗi ne, lokacin gyara bai wuce ba.

Na uku, awon ƙugu. Ki ari tef ɗin tela ki zagaya cikinki daidai saitin cibiya. In ya kai santimita 80, wato inci 31 da rabi, kitsen ciki ya fara yawa.

A nan sai na faɗi wadda ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Mun ɗauki ƙiba alamar hutu da jin daɗin gidan miji. Har akwai masu sayen ƙwayoyin nan na sha-ka-fashe don su yi jiki, musamman in biki ya matso. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna tayar da sukari, suna tayar da jini. Don Allah mu bari, mu kuma hana 'ya'yanmu.

To ta yaya za ki gane ji ya fara raguwa? Kina jin murya amma kalmomin ba sa fita. Muryar jikoki da ta mata ta fi ba ki wahala fiye da ta maza. Kina ƙure ƙarar rediyo har mutanen gida su yi magana. A waya kullum sai kin ce "na'am?" Ko kina jin wani sauti, shuu ko ƙara, alhali babu abin da ke ƙara. A Islamiyya kin koma sahun gaba, duk da haka karatun malama yana wuce ki. In biyu ko uku daga cikin nan sun same ki, ki je a duba.

Kada a raina abin. Wadda ba ta ji sosai tana iya kuskure bayanin shan magani. Tana iya tsallaka titin Katsina zuwa Kano ba ta ji hon ɗin mota ba. A hankali sai ta daina zuwa taro, ta daina zumunci, kaɗaici ya kama ta. Masana sun lissafa raunin jin da ba a kula da shi ba cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon mantuwa a tsufa.

Me za mu yi? Mu fara da tukunya. Gishirin da aka ba da shawara ga babba a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen magi yana cikin lissafin. A rage shi, a ƙara daddawa da kayan ƙamshi. A rage sukarin fura, da koko, da zoɓo, da lemon kwalba. A rage malmalar tuwo, a ƙara miyar ganye: zogale, rama, alayyahu, kuka. Wake ma abokinmu ne. Sai motsa jiki, minti 30 a rana, kwana 5 a mako. Ko a tsakar gida ne za a iya, zagaye da sauri har gumi ya fito. Wadda likita ya ɗora a kan maganin sukari ko na jini, kada ta daina don ta ji sauƙi.

Sai kunnen kansa. A daina sa masa tsinken tsintsiya, ashana, gashin kaza ko auduga. Kada a ɗiga manja, ruwan ganye ko wani haɗi. Mai ciwon sukari in ta ji wa kunnenta rauni, ƙwayar cuta na iya shiga ta ci har ƙashi. In kina da sukari kuma kunne na ciwo mai hana barci ko yana zubar da ruwa, asibiti a ranar. Haka in ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, kada a kwana biyu ana jira. Allurar jentamaisin da wasu ke karɓa a kemis ba tare da takardar likita ba tana iya kashe ji har abada. Masu injin niƙa da masu zama kusa da janareta, ƙarar nan tana cin kunne a hankali, a nemi abin toshe kunne. Mu ma a tarukanmu, a daina zaunar da iyayenmu da masu goyo a gindin lasifika.

Ina za a je? Awon jini da na sukari a fara tambaya a cibiyar lafiya ta mazaɓa ko Babban Asibitin Kankiya. A roƙi a leƙa kunnen, domin wani lokaci datti ne kawai ya toshe, a wanke, ji ya dawo. In ana buƙatar gwajin ji da na'ura, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. In an ce ki sa na'urar ƙara ji, ki sa. Mai tabarau ba ta jin kunya, ke ma kada ki ji. Amma kada a sayi ta kasuwa ba tare da gwaji ba.

Ga roƙona ga shugabannin mata na mazaɓu. A taronku na gaba ku gayyato ma'aikaciyar lafiya ɗaya daga cikinmu, ta zo da abin awon jini da tef. Kowace mamba kuma ta ɗauki dattijuwa ɗaya, uwa ko uwar miji ko maƙwabciya, ta raka ta awo kafin watan nan ya ƙare. In za ki yi magana da wadda jinta ya ragu, ki fuskance ta, ki kashe rediyo, ki yi magana a sarari, a hankali. Tsawa ba ta ƙara mata ji, ɓacin rai kawai take ƙara mata.

Wadda ta karanta, ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ta kuma tura wa sauran 'yan uwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu, Ya bar mu da jinmu da ganinmu har ƙarshen rayuwa, Ya zaunar da jiharmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.